“Kana ina ne?”: Kiran da ke jefa masu aiki a kan titi cikin haɗari

Duk wanda ya taɓa yin odar kaya ta WhatsApp ko Instagram ya san wannan tambaya. An ce maka kaya sun fito, ka jira minti goma ba ka ga kowa ba, sai ka danna kira. Bai ɗaga ba, ka sake. A na uku ya ɗaga, kana jin iska tana kaɗawa da ƙarar hon a bayansa, yana cewa, “Ga ni nan a hanya, ranka ya daɗe.” Wannan iskar da kake ji tana gaya maka abu guda. Mutumin yana kan babur yana tafiya, hannu ɗaya a kan mashin, ɗayan riƙe da waya, kuma da kai yake magana.

Idan aka tashi maganar amfani da waya lokacin tuƙi, a kan direba ake sauke laifin duka. A ce ba shi da hankali, a ce ganganci ne. Gaskiya ne yana da nasa kason, kuma za mu zo kansa. Amma akwai ɗimbin matasa a ƙasar nan da titi ne wurin aikinsu, waya kuma ita ce ofishinsu, kuma da yawa daga cikin kiran da ke ɗauke musu hankali daga wajen mai gida ko kwastoma suke fitowa. Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya aiki mutum kan titi, ya ƙayyade masa lokaci, sannan ya bi shi da kira, yana da hannu a abin da zai same shi a hanya.

Su wa ake magana a kai?

Ka duba abokanka da kuka gama sakandare tare. Wani yana kai saƙo a babur ga masu sayar da kaya a intanet. Wani yana jan adaidaita sahu yana kai wa mai shi balas kowace yamma. Wani yana Abuja ko Legas yana ɗaukar fasinja da manhajar Bolt ko Uber. Wani direban kamfanin ruwan leda ne ko gidan burodi, yana zagaye shaguna tun asuba. Wata tana tallata magunguna ko kayan masarufi na kamfani, yau tana Kano, gobe Katsina, jibi Funtuwa, kuma ita ke jan motar. Ga direbobin makarantun kuɗi, ga na ƙungiyoyin agaji, ga 'yan jarida da ke rige-rigen isa wurin da labari ya ɓarke. Duk waɗannan ma'aikata ne, ko da kuwa ba wanda ya ba su takardar ɗaukar aiki.

Abin da ya haɗa su shi ne ba su ke tsara lokacinsu ba. Mai kai saƙo a kan kowane saƙo ake biyan sa, saboda haka duk mintin da ya tsaya a gefen titi don amsa waya, daga aljihunsa aka cira. Direban manhaja yana cikin tafiya buƙatar fasinja ke shigo masa a fuskar waya, kuma 'yan daƙiƙu gare shi ya danna ya karɓa, in ba haka ba ta wuce ga wani. Direban kamfani ya san in oga ya kira sau biyu bai ɗaga ba, akwai tuhuma in ya koma. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, sai mutum ya ƙara yawan zirga-zirga kafin ya haɗa abin da a da yake samu cikin sauƙi. Wanda ke cikin irin wannan matsi, ko ka wuni kana masa nasiha, tsarin aikinsa zai sake tura hannunsa kan wayar.

Abin da alƙaluma suka faɗa, da abin da suka ɓoye

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ka sake karanta wannan. Mu ake nufi. Yankin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa kason da yake da shi na motocin duniya ɗan kaɗan ne.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,081 da suka mutu a kan hanya a 2023, sai 5,421 a 2024. Wato kusan mutum 15 kullum. Kuma wannan wanda ya shiga littafin hukumar ke nan. Ƙiyasin da WHO ta yi wa Najeriya a rahotonta na 2018 ya kusa mutum 40,000 a shekara, domin ba kowane haɗari jami'ai ke halarta ba, kuma akwai masu cikawa a asibiti ko a gida kwanaki bayan abin ya faru.

Idan ka saba karanta labaran haɗari, za ka ga dalilan da ake maimaitawa: gudun wuce sa'a, ƙwacewar mota, fashewar taya, ganganci wajen wuce wata motar. Waya ba ta cika fitowa ba. Dalilin a fili yake. Taya in ta fashe tana barin shaida a kan kwalta, saƙon WhatsApp kuwa ba ya bari. Direban da ya tsira ba zai ce yana sauraron saƙon murya ba, wanda ya rasu kuma ba ya magana. Sai a rubuta “mota ta ƙwace masa”, a rufe fayil. A Amurka, inda ake ware irin wannan dalili a ƙididdiga, hukumar kula da lafiyar manyan hanyoyi ta ce mutum 3,308 suka mutu a 2022 a haɗurran da shagalar direba ke ciki.

A ajin koyon rubuta labari ana koya mana tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. Labaran haɗari a kafafenmu sukan amsa huɗun farko su tsaya. Da wuya ka ga an tambayi wanda ya aiki direban, ƙarfe nawa ya fara aiki a ranar, da sau nawa aka kira shi kafin abin ya faru. Tun da ba a tambaya, mai aiken kan fita daga labarin salin-alin.

Daƙiƙa biyar fa, ba yawa

Masana sun kasa shagalar direba gida uku: ido ya bar titi, hannu ya bar sitiyari, hankali ya bar tuƙi. Karanta saƙo ko rubuta shi yana haɗa ukun a lokaci guda. Waccan hukuma ta Amurka ta ƙiyasta cewa saƙo ɗaya kan ɗauke ido daga titi na kimanin daƙiƙa 5. To mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A daƙiƙa 5 ta ci mita 111, ya fi tsawon filin ƙwallo daga raga zuwa raga, kuma duk tsawon nan ba wanda ke kallon gaba. Ko a cikin gari, babur mai gudun kilomita 40 in mai shi ya leƙa waya na daƙiƙa 3, ya wuce mita 33. A Zoo Road ko Kurna da yamma, mita 33 ta isa yaro ya tsallako, adaidaita ya taka birki, mai kura ya ɓullo daga lungu.

WHO ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari. Wani bincike da cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta fitar a 2009, wanda aka sanya kyamara a cikin manyan motoci ana kallon direbobi suna bakin aiki, ya nuna mai rubuta saƙo yana tuƙi ya ninka sau 23 wajen faɗawa haɗari ko kusa da shi.

Na san me za ka ce: “Ai ni iyafis nake sawa.” Ita ma WHO ɗin ta ce magana ba tare da riƙe waya a hannu ba, ba ta fi aminci sosai ba, domin matsalar tana cikin kai. Mai rigima da kwastoma a kan canji, ko mai ƙoƙarin fahimtar kwatancen “in ka wuce masallaci na biyu ka karya hagu”, idonsa na kan titi amma ba ya ganin abin da ke gabansa. Binciken jami'ar Utah na 2006 ya gano raunin tuƙin mai magana a waya ya yi kama da na wanda ya sha giya ya kai iyakar da dokar can ta hana tuƙi. Wani kuma na 2015 ya nuna hankali kan ɗauki har daƙiƙa 27 kafin ya dawo daidai bayan mutum ya gama ba wa waya ko mota umarni da murya. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da kuwa kai ne gwanin unguwarku.

Doka ta kama direba, ta saki mai aike

Amfani da waya lokacin tuƙi laifi ne a Najeriya. A jerin laifuffukan da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, ƙarƙashin dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, tararsa naira 4,000 ce da maki 4 a kan lasisi. A yau naira 4,000 ko tankin babur ba za ta cika ba. A watan Yulin 2017, zamanin shugabancin Boboye Oyeyemi, hukumar ta ƙara da tura masu aikata wasu laifuffuka, ciki har da wannan, gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti. Duk wannan a kan wanda ke riƙe da sitiyari yake ƙarewa. Ogan da ya kira shi sau huɗu yana zaune a ofis ƙarƙashin fanka, ba wanda ya san da shi.

Akwai tsarin da ya shafi kamfanoni. Tun 2007 FRSC ta fito da shirin da ake kira RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motoci 5 ko fiye yin rajista, da kafa sashen kula da lafiyar tuƙi, da horar da direbobinsa. Shiri ne mai kyau ga manyan kamfanonin sufuri. Amma mai sayar da atamfa a Instagram da ke da babur ɗaya, ko mai gidan abinci da ke da babura uku, ba sa ciki, alhali a irin waɗannan wurare ne matasa da yawa ke samun aiki yanzu.

Sai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu, domin a biya ma'aikacin da ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Har haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki dokar ta haɗa. Tambayi abokinka mai kai saƙo ko ya taɓa jin labarinta. Wanda aka ɗauka aiki da baki, ko wanda manhaja ke kira “abokin hulɗa” maimakon ma'aikaci, in ya karye a hanya, a kan iyayensa kuɗin ɗori ke faɗawa, wani lokaci ma har a bi shi kuɗin gyaran mashin.

Wasu sun bi ta kan mai aiken

Wannan giɓin ne wasu ƙasashe suka toshe. A Amurka haɗarin sufuri ne kan gaba wajen kashe mutane a bakin aiki, yana ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku. A watan Oktoban 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a umarnin da ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya rubuta saƙo suna tuƙa motar gwamnati ko suna kan aikin gwamnati. Daga Janairun 2012 aka hana direbobin manyan motoci da bas-bas riƙe waya suna tuƙi, kuma ka lura da yadda aka raba tarar a lokacin: direba har dala 2,750, kamfanin da ya ƙyale shi ko ya tilasta masa har dala 11,000. A Birtaniya tarar direba fam 200 ce da maki 6, kuma dokar ta haramta wa kowa ya sa wani ko ya ƙyale shi ya yi tuƙi riƙe da waya. A watan Maris na 2022 suka faɗaɗa ta, ta haɗa da ɗaukar hoto da bidiyo da latse-latse.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Kamfanin mai na Shell, wanda ya daɗe yana aiki a Najeriya, ya fito da ƙa'idoji 12 na ceton rai a 2009 ga ma'aikatansa da 'yan kwangilarsa. A ciki akwai hana amfani da waya lokacin tuƙi, da ɗaura bel, da bin tsarin tafiyar da aka amince da shi kafin a tashi. Ba tausayi kaɗai ya sa manyan kamfanoni yin haka ba. Sun yi lissafi sun ga mota ɗaya da ta kife ta fi duk kiran da aka rasa tsada.

Maganar tsarin tafiya tana da muhimmanci, domin gajiya 'yar'uwar shagala ce, dukansu suna raba hankalin direba da titi. Kanawa ba su manta da ranar 31 ga Mayun 2025 ba, lokacin da bas ɗin da ta ɗauko tawagar jihar daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum sama da 20 suka rasu. FRSC ta ce mai yiwuwa gajiya da gudu ne suka jawo, bayan doguwar tafiyar dare. Allah Ya jiƙan su. Abin da ya kamata duk mai tura mutane kan hanya ya ɗauka daga nan shi ne, awa nawa direba zai yi yana tuƙi, ina zai huta, wa zai karɓe shi, duk shawarwari ne da ake yankewa kafin a tayar da mota.

“Ai sana'ar ba ta yiwuwa sai da waya”

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Unguwanninmu da yawa ba su da lambar gida, kwatance ake yi da masallaci da bishiya da shagon mai shayi. Mai kai saƙo dole ya yi waya. Abin tambaya shi ne yaushe. Kwatancen da aka tura a rubuce, ko lokeshan da aka aika kafin ya tashi, yana rage kira uku ko huɗu a hanya. Tsayawa a gefen titi a yi magana ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Abin da ke hana tsayawar shi ne tsoron a ce ya makara.

Wasu kuma za su ce titunan ne matsala: ramuka, rashin fitila, danjar da ba ta aiki. Haka ne. Amma titi mai rami ya fi buƙatar ido biyu a kan mai santsi. Lalacewar hanya dalili ce ta ajiye waya.

Akwai kuma “tsautsayi ba ya wuce ranarsa”. Babu mai musun ƙaddara. Amma mutumin da ke faɗin haka shi ne dai yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu da daddare, yake sa lambar sirri a manhajar bankinsa. In mun san mu tsare dukiya, ran wanda muka aika ya fi cancantar tsaro.

Mu ma da ba a aike mu ba

Kar mu ɗora komai a kan oga mu wanke kanmu. Shiga TikTok ko sitatus na WhatsApp yanzu, za ka ga mai ɗaukar bidiyon allon gudu yana nuna ya kai 140, da mai bin waƙa yana kallon kyamara a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, da 'yan rakiyar amarya kowa ya fito da waya ta taga har da mai jan motar. Akwai masu shiga kai-tsaye suna karanta sharhi suna amsawa, suna tuƙi. Wannan ba wanda ya aike shi, neman kallo ne. Mu da ke danna alamar so muna turawa gaba, mu ne ke biyan sa ladan. Ranar da irin wannan bidiyo ya daina jawo mabiya, ya koma jawo “Malam, ajiye wayar nan”, ranar zai fara raguwa.

To me za a yi?

In kana da 'yar sana'a kana tura mutum kai kaya, ko babur ɗaya gare ka, kai ne kamfanin. Ka gaya wa yaronka a fili cewa ba ka yarda ya ɗaga waya yana tafiya ba, har da kiranka, kuma ba za ka yi masa faɗa don ya tsaya kafin ya kira ka ba. Wannan na biyun shi ne mai wuyar, kuma shi ne mai aiki. Ka daina yi wa kwastoma alƙawarin minti 20 a tafiyar da ka san minti 40 ce. Ka karɓi cikakken kwatance kafin a fita, lambarka ce kuma za ta zama ta ƙorafi, ba ta wanda ke kan mashin ba. Ka saya masa hular kwano mai kyau, ka tabbatar birki da fitila suna aiki. In kana da ma'aikata na dindindin, ka nemi ofishin NSITF ka ji yadda ake rajista.

In kai ne kwastoma, ke ce kwastoma, a tura kwatance tun farko, a kira sau ɗaya. In kin ji ƙarar hanya, ki ce, “Malam, in ka tsaya ka kira ni,” ki kashe. Shawarmar da ta huce ana iya ɗumama ta. Kuma kar a rage wa direban manhaja tauraro don bai ɗaga waya yana tuƙi ba.

In kai ne a kan mashin ko sitiyari, ka saita taswira kafin ka tashi. Wayoyin iPhone tun 2017 suna da tsarin da ke rufe sanarwa lokacin tuƙi, na Android ma suna da irinsa. Ka sa saƙon da zai riƙa gaya wa mai nemanka cewa kana hanya. Ranar da za ka karɓi aiki, bayan ka tambayi nawa za a biya ka, ka tambayi wa ke ɗaukar nauyi in an yi haɗari. Ba rashin kunya ba ne, kuma amsar da aka ba ka za ta nuna maka irin wurin da za ka shiga.

In fasinja kake, kana da baki. “Direba, don Allah ajiye wayar, ko ka ba ni in amsa maka” ba zagi ba ne. Sau da yawa sauran fasinjojin ma jira suke wani ya fara. Ka kuma adana lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarka.

Hukumomi kuma akwai abin da ya rage musu. Binciken haɗari ya riƙa duba waya da jadawalin aikin direba. Tara ta riƙa hawa kan kamfanin da ya matsa wa direbansa, kamar yadda ta hau kan direban. A samar wa masu babura da motoci ƙasa da 5 tsari mai sauƙi da zai dace da ƙarfinsu. Jihohi da ke da hukumomin hanya irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna za su iya farawa da ƙungiyoyin masu kai saƙo da 'yan adaidaita, tun da sun san inda suke taruwa. Mu kuma masu shirin shiga aikin jarida, mu koyi ƙara tambaya ɗaya a duk labarin haɗari: wa ya aike shi?

Da yawa daga cikinmu nan da 'yan shekaru za mu zama masu aike, wasu ma sun riga sun zama. Halin da muka saba da shi yanzu, na kira sau biyar a minti goma, shi za mu kai ofis. Gara a gyara tun ana babur ɗaya.

In kana da aboki ko ɗan'uwa da ke neman abincinsa a kan titi, ka tura masa wannan rubutu. Amma ka rubuta masa a sama: in ka sauka ka karanta.